An Sace Ganye Ranar Fitowarta

Sufeto yana tsaye a bakin kantar ofishin 'yan sanda, kofin shayi a hannu ɗaya, tsohuwar kwamfutarsa ta hannu a ɗayan, yana nuna wa Saje wani hoto, bakinsa har kunne.

"Dubi nan, Saje. Wannan tsinken ashana ne. Siririn layin nan da ke gefensa kuwa, kaurin kwamfutar ke nan gaba ɗayanta. Ashana ta fi ta ƙiba."

"Yallaɓai, tun shekaranjiya kake nuna mini abin nan."

"A'a, wannan hoton sabo ne. Yau da safe suka saka shi."

Duk ofishin an san ciwon Sufeto. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, amma da an kawo zancen kwamfutar hannu, irin mai kama da allo da ake latsawa da yatsa, sai ya manta akwai aiki a gabansa. Tasa ta tsufa, gilashinta ya tsage, ga ɗan karen nauyi, har kuratan ofis suna kiranta tiren shayi a bayan idonsa. Wata da watanni ya yi yana jiran sabuwar da wani ƙaramin kamfani a cikin gari ya yi alkawarin fitarwa, wadda suka raɗa wa suna Ganye saboda rashin kaurinta. An ce ana karatu da ita ko a tsakiyar rana, an ce tana naɗewa ta shiga aljihun riga, an ce caji ɗaya zai kai ta mako. Yau da yamma za a nuna ta ga jama'a, kuma tun jiya Sufeto ya roƙi Oga izinin tashi da wuri.

Wayar da ke kan kanta ta yi ƙara. Saje ya ɗauka, ya saurara, sannan ya rufe bakin wayar da tafin hannu yana ƙoƙarin danne dariya.

"Yallaɓai, addu'arka ta karɓu, za ka je kamfanin nan tun kafin yamma. Sai dai an ce an fasa musu taga, an ɗauke Ganyen."

Sufeto bai san lokacin da ya dire kofin ba. Haushi ya ji, kamar shi aka yi wa satar. Amma a can ƙasan ransa akwai wani ɗoki da ya ji kunyarsa, domin yau dai zai shiga ɗakin da aka ƙera abin.

"Ɗauko makullin mota," ya ce. "Idan ba mu samo ta kafin yamma ba, babu taro."

Tun daga nesa suka hango cincirindo a ƙofar kamfanin. Ɗalibai, masu gyaran waya, 'yan jarida da kyamarorinsu, kowa ya zo kama wuri da wuri, babu wanda ya san abin da ya faru a ciki. Motar tana kutsawa Sufeto yana jin musun da ake yi.

"Ni dai idan har da gaske tana naɗewa, na daina ɗaukar jaka."

"Kai ta naɗewa kake yi. Ni batirin nake so in gani, mako guda fa suka ce."

"Likitan unguwarmu ya ce da ita zai riƙa zagayen marasa lafiya."

Manajan kamfanin ne ya tarbe su a ciki, wani mai tumbi cikin kwat, zufa ta jiƙe masa kwala.

"Ranka ya daɗe, ba sai kun wahala ba. Ɓarawon yana hannu. Maigadinmu ne, na kulle shi a ɗakin ajiya. Ku matsa shi kawai ya faɗi inda ya kai ta."

"Wa ya gan shi da ita?"

"Yaya ya gan shi a bayan gini, daidai tagar."

"Yayan wa?"

"Yayan Injiniya, wadda ta tsara Ganye. Shi ne mai kula da batir. Duk nan Yaya muke ce masa."

"Saje, je ka buɗe wa bawan Allah, ka ba shi ruwa, ka ji ta bakinsa. Kai kuma Manaja, kulle mutum aikinmu ne, ba naka ba. Kai ni ɗakin da aka fasa wa taga."

Ɗakin ƙirar fari ne tas, sanyin iyakwandishan na ratsa kaki. Teburai a jere, kowanne da fitila mai lanƙwasa wuya, da hantsaki, da ƙarfen narka dalma. Sufeto ya ji kamar yaron da aka saki a kantin alewa, da ƙyar ya tuna da littafin aikinsa. A tsakiyar ɗakin akwai akwatin gilashi a buɗe, babu komai a ciki sai wayar caji tana reto.

Wata siririyar mata mai tabarau tana tsaye a gefen akwatin, hannayenta harɗe a ƙirji. Ba kuka take yi ba, amma idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Ke ce Injiniya?"

"Ni ce, Yallaɓai."

"Babu wata da za ku nuna a madadinta?"

"Ita kaɗai ce mai aiki. Sauran duk kwanson banza ne na gwajin hannu. Shekara da shekaru muna kanta. Masu son haɗa gwiwa da mu suna kan hanya, kuma sun gaya mana idan yau ta wuce ba su gani da idonsu ba, sun haƙura."

"Yaushe kika gan ta na ƙarshe?"

"Da sassafe. Na sa ta a caji, na tafi zauren taro duba lasifika."

Sufeto ya matsa wajen tagar. Daga waje aka fasa ta, gilashin duk ya zubo ciki, a kan teburin da ke ƙarƙashinta. Teburin kuwa lulluɓe yake da farar leda mai kauri, an soke gefunanta tsaf kamar zanin gado. Ya ɗaga gefe ɗaya. A ƙarƙashi akwai madubin ƙara girman abu da ƙananan kayan cikin kwamfuta a buɗe, ko ƙwayar gilashi ɗaya ba ta taɓa su ba.

"Teburin wa ke nan?"

"Nawa ne."

"Kin yi sa'a da kika rufe shi."

Ta gyara tabarau, ta ƙura wa ledar ido. "Ban rufe ba. Sai za mu tashi aiki muke rufewa. A buɗe na bar shi, sauri nake yi."

Sufeto ya sake duban ledar cikin murna. Ya daɗe yana bin ɓarayi, bai taɓa ganin wanda ya shigo ya lulluɓe kayan mutane, ya fita waje, sannan ya fasa taga ba. Wannan ɗan gida ne, kuma ɗan gidan da ba zai iya jure ganin gilashi ya zuba a kan aikin nan ba.

Ya sami Yaya a ƙaramin kicin ɗin ofis, zaune gaban kofin shayin da ya huce. Dogo ne mai furfura a gefen kai, fuskarsa sak ta ƙanwarsa. Babban yatsansa da manuni na hannun dama naɗe suke da filasta.

"Sannu, Yaya. An ce kai ka ga maigadi."

"Na gan shi, Yallaɓai. Yana leƙen tagar."

"Kana ina a lokacin?"

"Shigowata ke nan. Na makara yau, cunkoso ya riƙe ni."

"Ka shiga ɗakin ƙira?"

"Sai bayan an yi ihun sata."

"Kafin nan ba ka yi magana da kowa ba?"

"Ban yi ba."

"Me ya sami hannunka?"

Yaya ya janye hannun zuwa ƙarƙashin tebur. "Butar shayi ce."

Sufeto ya gyaɗa kai, sannan ɗokinsa ya ci ƙarfinsa. "Don Allah in tambaye ka wani abu da ba na aiki ba. Da gaske caji ɗaya yana kai ta mako? Yaya kuka cusa batir haka cikin abin da bai kai ashana ba?"

Ya zaci mutumin zai washe baki, domin kowane mai sana'a yana son a yaba aikinsa. Yaya bai ɗago ba.

"Haka aka rubuta a talla," ya ce.

A baranda Saje ya tare shi. "Maigadi ya ce tun safe yana jidar kujeru zuwa zaure, masu kawo kujerun ma sun shaida. Kuka yake yi, Yallaɓai. Ya ce yana da iyali, idan aka ce masa ɓarawo babu mai sake ɗaukarsa aiki."

"Ce masa ya kwantar da hankalinsa. Kira mini Manaja."

Manaja ya shigo ofishinsa yana amsa waya biyu a lokaci guda. Sufeto ya jira har ya gama.

"Yau ka shiga ɗakin ƙira kafin satar?"

"Ni? Ko kusa. Injiniya ta hana kowa taɓa Ganye sai ita da Yaya."

Sufeto ya zaro tiren shayinsa daga hammata. Ta ɗauki lokaci kafin ta farka, Saje yana kallon rufi don kada ya yi dariya. Daga ƙarshe hoton ya fito.

"Wannan hoton yau da safe aka saka shi a shafinku. Na kalle shi har na haddace. Ga Ganye, ga ashana. Ga kuma yatsan da ya riƙe ashanar, da zoben azurfa mai koren dutse. Mu ga hannunka."

Manaja ya dubi zobensa kamar yau ya fara ganinsa. Nan take ya yi laushi.

"Ranka ya daɗe, hoto kawai na ɗauka. Mutane na ta roƙon a nuna musu wani abu. Idan Injiniya ta ji na taɓa, sai ta cinye ni ɗanye."

"Ka mayar da ita?"

"Wallahi na mayar, na jona mata cajinta. Hasali ma ban daɗe da ita a hannu ba, da ɗumi na ji ta."

"Ɗumi kamar yaya?"

"Kamar kofin shayi. Har na leƙa na gaya wa Yaya, ya ce ba komai, haka sabon batir yake yi, in tafi zai duba."

"Ka gaya wa Yaya. A waya?"

"A'a, baki da baki. Yana kan teburinsa ai. Ya riga kowa zuwa yau, bayan Injiniya."

Sufeto ya miƙe da sauri har kujera ta kusa faɗuwa. Yanzu ya san wane, saura ina. Hayaniyar ƙofa tana ƙaruwa, wani ya fara gwada lasifika a zaure, rana kuma ta fara karkata.

Ya koma ɗakin ƙira kusan da gudu, ya nufi teburin batir a can kusurwa. Komai a shirye yake tsaf. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. A kan farin tayil akwai zagayayyen shatin gindin wani abu, da ɗan yashi a barbaɗe.

"Injiniya, me ake ajiyewa a nan?"

"Bokitin yashi ne, na ƙarfe." Ta leƙo. "To ina ya tafi?"

"Me yashi yake yi a ɗaki mai tsafta haka?"

"Dokar masu batir ce. Idan batir ya kumbura ko ya yi zafi fiye da kima, ba a zuba masa ruwa, ba a jefa shi a shara. A yashi ake binne shi, a fitar da bokitin waje, nesa da duk abin da zai kama wuta. Yaya ne ma ya koya..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta cire tabarau, ta mayar, ta rasa inda za ta sa hannunta.

"Saje, taho da Yaya bayan gini."

Ba su sha wahalar nema ba. Bayan ginin fili ne na siminti, da tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe. A inuwar tankin, nesa da janareto, nesa da tarin kwalaye, ga jan bokiti a ajiye, an shafe saman yashinsa sumul.

Sufeto ya naɗe hannun riga. Ya fara tona yashin a hankali.

"Yallaɓai, kada ka sa hannu haka." Muryar Yaya ce daga bayansa. "Sa safar hannu. Kuma kada ka danna tsakiyarta."

Saje ya miƙa safa, Sufeto ya saka, ya zaro ta.

Ga Ganye a tafin hannunsa. Ta fi duk yadda ya zata kyau, gefunanta kamar na katin gayyata, ba ta da nauyin komai. Wata da watanni yana mafarkin wannan lokaci. Sai dai tsakiyar bayanta ta taso ta yi tulu, murfin ya ɗan ɗage, kuma har yanzu ɗuminta yana ratsa safar.

"Ka ce ka makara, alhali Manaja ya same ka a teburinka," Sufeto ya ce. "Ka ce buta ce ta ƙona ka. Ka lulluɓe teburin ƙanwarka kafin ka fasa taga, ka binne wannan yadda masu batir ke yi. Ɓarawon waje ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ina saurarenka."

Yaya ya jingina da ƙafar tankin.

"Ni ne. Batirin ba ya jure cikakken caji a wannan sirantar. Na daɗe da sani. Duk gwajin da na nuna musu, rabin caji nake tsayawa. Kullum cewa nake zan gyara kafin ranar, ranar kuma ta zo. Da Manaja ya tafi na ɗauke ta, sai da ta ƙona ni. Na ce a raina, wannan abin ƙanwata Auta za ta ɗaga a gaban jama'a, kusa da fuskarta."

"Yaya," Injiniya ta ce, "me ya hana ka gaya mini?"

"Ni na koya miki riƙe ƙarfen dalma, Auta. Kowa ya ce ki ɗauko ƙwararre daga waje, kika ce Yayanki ya isa. Da wane bakin zan ce miki ban isa ba? Na ga idan sata ce, za a ɗage taron, in samu lokaci, babu wanda ya ji kunya."

"Maigadi fa?" Sufeto ya tambaya. "Shi ba shi da kunyar da za a ji masa?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Manaja ne ya matsa mini da tambayar wa na gani. Shi ya fara zuwa bakina."

"Da na biye muku, da yanzu yana bayan kanta, iyalinsa na bin ofishinmu da kwanon abinci. Fasa taga da ɓoye kaya, wannan tsakaninka da kamfani ne da kotu. Amma ƙazafin nan, ni ba zan ɗauke kai ba."

Manaja ya matso yana goge wuya, idonsa a kan Ganye. "Ranka ya daɗe, tunda an same ta, ai shi ke nan. Injiniya, a danna murfin nan, a nuna ta daga nesa, ba sai an kunna da daɗewa ba. Mutane sun cika zaure."

Sufeto ya dubi Injiniya. Gaskiya shi ma wani ɓangare na zuciyarsa yana so ya ga ta kunnu, ko da sau ɗaya ne. Ta miƙa hannu kamar za ta karɓa, ta tsaya, ta daɗe tana kallon kumburin.

"Akwai wanda ya ce mini 'yarsa zai saya wa ta tafi da ita makaranta," ta ce. "Mayar da ita cikin yashin, Yallaɓai."

"Masu son haɗa gwiwar nan za su tafi fa," in ji Manaja. "Ba za su dawo ba."

"Na sani. Ni zan gaya musu da bakina."

Sufeto ya kwantar da Ganye a bokitin, ya ja yashi ya rufe ta da hannunsa. Ransa ya sosu ƙwarai, amma matar nan ta burge shi fiye da kwamfutar.

Saje ya fito da ankwa. Sufeto ya dubi filastar da ke yatsun Yaya, ya girgiza kai, Saje ya mayar da ita aljihu ya kama shi a damtse. Suka bi ta ƙofar baya. Maigadi yana tsaye a wurin, idanunsa a kumbure. Yaya ya tsaya a gabansa, kansa a sunkuye. Maigadi ya buɗe musu ƙyauren, ya kau da kai gefe.

A bakin mota Saje ya buɗe but, wurin kaya na baya, zai saka bokitin.

"Kada a sa a nan," Yaya ya ce. "Rana ta dake shi. A riƙe a gaba, a sauke gilashi."

Sufeto ya shiga gaba, ya ɗora bokitin a cinyarsa, tiren shayinsa a gefe. Daga zauren taro lasifika ta yi ƙara, tafi ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano, sannan muryar Injiniya ta fito sarai, tana gaishe da jama'a, tana cewa akwai abin da ya zama dole su ji daga bakinta kafin su ji a wani wuri.

A kujerar baya Yaya ya rufe fuskarsa da hannun nan mai filasta.

"Saje," Sufeto ya ce, ya ƙara rungume bokitin, "ja mu tafi. A hankali, ka kauce wa ramuka."